Magungunan kare ƙwaƙwalwa daga mantuwar da guba ke haddasawa a dabbobi

Magungunan kare ƙwaƙwalwa daga mantuwar da guba ke haddasawa rukuni ne na magunguna da sinadarai da ake bai wa dabba domin hana guba lalata sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe abin da aka koya, ko domin rage ɓarnar bayan ta auku. Ana maganarsu a fage biyu. Na farko shi ne ɗakin gwaje-gwaje, inda masu bincike ke bai wa ɓeraye guba da gangan har su riƙa mantuwa, sannan su gwada wane magani ne zai hana hakan, da fatan samun abin da zai taimaki mutane masu cutar mantuwa irin ta Alzheimer. Na biyu shi ne aikin likitan dabbobi, wanda ake kai wa saniya ko kare ko tunkiyar da ta ci guba ba da nufin kowa ba. A arewacin Najeriya gubobin da batun ya fi shafa su ne zaƙami, magungunan feshi na kashe ƙwari, da dalma, wadda annobarta ta auka wa ƙauyukan jihar Zamfara, maƙwabciyar masarautar Zuru ta jihar Kebbi, a shekarar 2010.

Babu magani guda da ke tare kowace guba. Kowace guba da ƙofar da take shiga, kuma abin da ke warkar da wata yana iya ƙara wa wata ƙarfi.

Yadda guba ke taɓa ƙwaƙwalwa

A can cikin ƙwaƙwalwar mutum da ta sauran dabbobi masu shayarwa akwai wani lanƙwasasshen sashe da ake kira hifokamfus. Shi ne ke ɗaukar sabon abu ya adana, musamman sanin wuri da hanya. Ƙwayoyin jijiya da ke cikinsa suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai, kuma biyu daga cikinsu sun fi muhimmanci a wannan batu: asetilkolin da gulutamet. Idan saƙon ya yi kaɗan, dabba ba ta iya riƙe sabon abu. Idan ya yi yawa, ƙwayoyin kan gaji su mutu, sau da yawa bayan farfaɗiya.

Sikofolamin, sinadarin da ke cikin zaƙami, yana toshe wurin da asetilkolin ke sauka. Magungunan feshi na dangin oganofosfet suna yin akasin haka: suna kashe sinadarin da ke share asetilkolin bayan ya gama aiki, sai ya taru ya yi ambaliya. Dalma kuwa tana shiga jiki a madadin kalsiyam, ta hana wata ƙofar gulutamet mai suna NMDA aiki yadda ya kamata, kuma ɓarnarta ta fi muni a ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba. Bayan waɗannan, kusan dukkan gubobin suna jawo wata irin lalacewa mai kama da tsatsa a cikin ƙwayoyin jiki, tare da kumburi, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake yawan gwada bitamin C da bitamin E da tsirrai a matsayin garkuwa.

Yadda ake auna mantuwa a ɓera

Tun da ba a iya tambayar ɓera abin da ya tuna, sai a ba shi aikin da ba zai iya ba sai da tunawa. Gwajin da ya fi shahara shi ne na kwarmin ruwa wanda Richard Morris ya fito da shi a Jami'ar St Andrews ta ƙasar Sikotland a 1981. Ana cika wani faffaɗan baho da ruwan da aka gurɓata launinsa, a ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwan, a saki ɓera ya yi iyo. Lafiyayyen ɓera cikin 'yan kwanaki yakan gane inda dandamalin yake ta hanyar lura da alamomin da ke bangon ɗakin, ya nufe shi kai tsaye. Wanda guba ta taɓa kuwa kullum sai ya yi ta kewaye kamar ranar ce ya fara shiga. A ranar ƙarshe akan cire dandamalin a ga tsawon lokacin da ɓeran zai ɓata yana nema a wurin da ya saba samunsa.

Akwai kuma gwajin sabon abu, wanda Ennaceur da Delacour suka bayyana a 1988. Ɓera yana da son shinshinar abin da bai taɓa gani ba. Idan aka ajiye masa abu biyu, ɗaya tsoho ɗaya sabo, ya raba lokacinsa daidai a tsakaninsu, alama ce ya manta tsohon. Wannan gwaji ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, shi ya sa ya yaɗu a jami'o'in da kuɗin bincike ya yi wa ƙaranci. Sauran sun haɗa da akwati mai rassa uku, da akwatin da ake koya wa ɓera guje wa ɓangare mai duhu. Dabbobin da aka fi amfani da su su ne ƙananan fararen ɓeraye da kuma manya nau'in Wistar, waɗanda asalinsu daga wata cibiyar bincike ce a Filadelfiya ta Amurka.

Zaƙami da waken Kalaba

Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, ciyawa ce da ke fitowa a juji da kangaye da gefen gonaki. An daɗe da sanin cewa wanda ya sha shi yakan ruɗe, bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya yi ta surutai, sannan idan ya farfaɗo ba ya tuna abin da ya faru. Dabbobi ba su cika cin sa ɗanye ba saboda warinsa, amma sukan ci idan ganye ko 'ya'yansa suka gauraya da harawa ko hatsi.

A 1974 David Drachman da Janet Leavitt suka nuna cewa idan aka bai wa matasa masu lafiya sikofolamin, sukan riƙa mantuwa irin ta tsofaffi na ɗan lokaci. A 1982 Raymond Bartus da abokan aikinsa suka tattara hujjojin cewa ƙarancin asetilkolin na daga cikin tushen mantuwar tsufa. Daga nan sikofolamin ya zama gubar da aka fi amfani da ita a irin wannan bincike a duniya: yana da araha, yana aiki cikin rabin sa'a, kuma yana sakin dabbar bayan 'yan sa'o'i.

Abin lura shi ne makarin wannan guba ma daga Najeriya ya fito. A yankin Kalaba akwai wani wake mai guba da Efik ke kira esere, wanda a da ake shayar da wanda ake tuhuma da maita domin a gane gaskiyarsa. Turawan mishan suka kai shi Edinbara, inda likita Robert Christison ya gwada shi a kan kansa a 1855 ya sha da ƙyar. A 1864 Jobst da Hesse suka ware sinadarin da ke cikinsa, fisostigmin, kuma a 1935 Percy Julian, masanin kimiyya baƙar fata ɗan Amurka, ya haɗa shi a ɗakin gwaji. Fisostigmin yana rage saurin share asetilkolin, sai ya taru ya ture sikofolamin daga inda ya toshe. Har yau ana amfani da shi a asibiti a kan gubar dangin zaƙami idan ta yi tsanani.

A kan wannan hanya aka gina magungunan cutar Alzheimer na farko. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da takirin a 1993, donefezil a 1996, ribastigmin a 2000, da galantamin a 2001. Ribastigmin an ƙera shi ne a kan fasalin fisostigmin. Memantin, wanda aka amince da shi a 2003, hanyarsa daban ce, domin yana rage ambaliyar gulutamet ne. A gwajin ɓeraye na yau, donefezil ne ma'auni: sau da yawa sabon magani ko tsiron da aka gwada, da shi ake kwatanta shi. Sai dai a jikin mutum waɗannan magunguna suna sassauta alamomi ne na wani lokaci, ba su tsayar da cutar.

Magungunan feshi

Dangin oganofosfet sun haɗa da kilofirifos, wanda ake fesa wa amfanin gona, da dikulobos, wanda shi ne ke cikin Sniper da yawancin abin da ake sayarwa da sunan fiya-fiya. Makiyaya kan yi amfani da wasu daga cikin wannan dangi wajen kashe kaska. Dabbar da ta sha da yawa takan yi ta dalalar da miyau, ta yi zawo, tsokarta ta riƙa rawa, numfashi ya gagare ta. Maganin gaggawa shi ne allurar atirofin, tare da firalidoksim idan an same shi da wuri, da diyazefam domin tsayar da farfaɗiya. Tsayar da farfaɗiya da sauri shi ne babban abin da ke kare hifokamfus a irin wannan hali.

A nan ne ake ganin yadda magani da guba ke musayar wuri. Atirofin ɗan'uwan sikofolamin ne, kuma ana samun sa a zaƙami. Donefezil kuwa yana taɓa sinadarin da maganin feshi ke kashewa. Ma'ana, abin da ke jawo mantuwa a gwaji na farko shi ne mai ceton rai a na biyu, kuma maganin da ya kare ɓera daga zaƙami zai ƙara wa dabbar da ta sha fiya-fiya wahala.

Abin da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne shan kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, wanda ba ya kashewa amma yana rage kaifin koyo. A Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Suleiman Ambali da Joseph Ayo da abokan aikinsu sun wallafa jerin bincike a wajajen 2010 zuwa 2012, inda suka bai wa ɓerayen Wistar kilofirifos, suka ga koyo da tunawa da daidaiton motsinsu sun ragu, sannan suka nuna cewa bitamin C yana rage wannan illa. Aikin yana daga cikin waɗanda suka ƙarfafa ra'ayin cewa ɓarnar maganin feshi ba ta tsaya ga asetilkolin kaɗai ba, har da waccan lalacewa mai kama da tsatsa.

Gubar dalma

A farkon 2010 mazauna wasu ƙauyukan Zamfara suka lura agwaginsu na mutuwa. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba sai bayan da yara suka fara farfaɗiya suna rasuwa. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano yawan mace-macen, kuma binciken da hukumomin lafiya na Najeriya suka yi tare da cibiyar CDC ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya ya tabbatar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa a yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma kawo shi cikin gidaje ana daka shi a turmi ana niƙa shi a injin niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kaji da agwagi ke kiwo. Ƙauyukan da abin ya shafa suna ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ciki har da Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke da Bagega. Yara sama da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka fara bincikawa, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka auna jininsu suna da dalmar da ta kai mikirogiram 45 a kowace desilita ko fiye, wato matakin da ake fara ba da magani. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. CDC takan kawo labarin agwagin a matsayin misalin yadda mutuwar dabbobi ke zama gargaɗi ga mutane.

Maganin da aka bai wa yaran shi ne saksima, wanda aka fi sani da DMSA. Yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Ya ceci rayuka da yawa, amma sai da aka fara kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje aka zuba sabuwa, domin ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Aikin kankarewar a Bagega bai samu ba sai a 2013.

Tambayar ko DMSA yana dawo da kaifin ƙwaƙwalwa, ba ceton rai kaɗai ba, ita ce inda binciken dabbobi da na mutane suka rabu. A 2007 ƙungiyar Barbara Strupp ta Jami'ar Cornell ta ba da rahoton cewa maganin ya inganta koyo da natsuwa a ɓerayen da aka shayar da dalma tun suna jarirai. A cikin binciken guda kuma aka ga ɓerayen da ba su taɓa shan dalma ba, da aka ba su maganin, sun samu tawaya mai ɗorewa a koyo. Wannan gargaɗi ne babba ga duk mai tunanin shan irin wannan magani a matsayin rigakafi. A ɓangaren mutane, wani babban gwaji a Amurka da ya ƙunshi yara 780 masu dalma tsakanin mikirogiram 20 zuwa 44, wanda aka wallafa a 2001, ya nuna DMSA ya rage dalmar jini amma bai ƙara wa yaran maki a gwajin basira ba bayan shekara uku.

Wani binciken na Tomás Guilarte a Jami'ar Johns Hopkins, a 2003, bai yi amfani da magani ba sam. An raba ɓerayen da dalma ta taɓa gida biyu: wasu a keji su kaɗai, wasu a babban keji da abokai da kayan wasa da wuraren hawa. Na biyun suka koyi hanyar kwarmin ruwa kamar lafiyayyu.

Zakunan teku na Kalifoniya

Misali mafi bayyana na guba da ke shafe tunawar dabba a cikin daji daga teku ya zo. Wasu ƙananan tsirran ruwa suna samar da guba mai suna domoyik asid, wadda ke taruwa a jikin kifi da dodon koɗi. A 1987 mutane sama da 100 suka kamu da ita a Kanada bayan cin abincin teku daga tsibirin Prince Edward, wasu suka mutu, wasu suka rasa ikon riƙe sabon abu har abada. A 1998 zakunan teku sama da 400 suka mutu a gaɓar Kalifoniya. A 2015 Peter Cook da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar zakunan teku 30 da ake jinya, suka ga waɗanda hifokamfus ɗinsu na dama ya motse su ne suka fi kasa tuna inda aka ajiye abinci. Wannan guba ba ta da makari. Abin da likitoci ke yi shi ne ƙarin ruwa da maganin farfaɗiya.

Tsirrai

Kaso mai yawa na binciken da ake yi a jami'o'in Najeriya a wannan fage a kan tsirrai ne. An gwada ganyen zogale, da gangamau, da kolabiron, wanda ake cirowa daga namijin goro kuma masu bincike a Jami'ar Ibadan suka daɗe suna aiki a kansa. Sakamakon yakan zo da kyau a ɓeraye. Amma abin da ake ɗura wa ɓera tataccen sinadari ne da aka auna da nauyin jikinsa, ba jiƙo ko kwaɗon da ake ci a gida ba, kuma nasara a ɓera ba hujja ba ce ga mai talla a kasuwa da ke cewa garinsa na maganin mantuwa.

Iyakar gwajin ɓera

Babban raunin waɗannan gwaje-gwaje shi ne tsarin lokaci. A yawancinsu ana bai wa ɓera maganin kwana bakwai ko goma sha huɗu kafin a ba shi gubar. A rayuwa kuwa guba ce ke riga zuwa, magani ya biyo baya, wani lokaci bayan watanni. Haka kuma mantuwar sikofolamin ta 'yan sa'o'i ce, ba ta kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, alhali cutar Alzheimer tana cin su ne a hankali tsawon shekaru. Ga kuma matsalar aunawa: ɓeran da guba ta raunana ƙafafunsa ko ganinsa zai daɗe bai kai dandamali ba ko da bai manta komai ba, don haka bincike mai inganci sai ya auna saurin iyo da gani daban. Ƙananan rukunoni na ɓeraye biyar ko shida, da barin mai aunawa ya san wane ɓera ne ya sha magani, su ma suna ƙara wa sakamako armashin da ba shi da shi.

Wani nazari da Jeffrey Cummings ya jagoranta a 2014 ya duba magunguna 244 da aka gwada a kan masu cutar Alzheimer tsakanin 2002 da 2012. Guda ɗaya ne kawai ya samu amincewa. Ta fuskar haƙƙin dabbobi, ƙa'idar da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959 ita ce ake bi: a maye gurbin dabba da wata hanya idan zai yiwu, a rage yawansu, a kuma sassauta musu wahala.

A yankin Zuru

Rikoto ɗaya ce daga cikin mazaɓun garin Zuru, hedkwatar masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba. Yanki ne na noma da kiwo, kuma ta gefen Danko-Wasagu yana iyaka da Zamfara. A garin ne Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona take, wadda aka kafa a 2020 a harabar tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da ta Zariya suna cikin tsofaffin wuraren horar da likitocin dabbobi a arewa maso yamma.

Ga makiyayi a irin wannan yanki, batun ba kwarmin ruwa ba ne, saniya ce da ta canza hali. Shanu, musamman 'yan maruƙa, suna da son lasar tsohon batirin mota, baƙin mai da ɓawon fenti, kuma duk waɗannan na iya ɗauke da dalma. Wadda ta kamu takan makance ba tare da ciwo a ido ba, ta riƙa cizon haƙora, ta jingina kai da bango ko itace, ta yi ta kewaye wuri guda, ta kasa bin garke. Likitan dabbobi yakan yi mata allurar kalsiyam EDTA domin fitar da dalmar, da tayamin, wato bitamin B1, wanda ke rage alamomin ƙwaƙwalwa, sannan a ɗura mata gishirin magnesiyam domin ya kama dalmar da ta rage a ciki ya fitar da ita. Gutsattsarin dalma na iya zama a tumbi na tsawon watanni suna ci gaba da narkewa. Ko dabbar ta miƙe, dalma takan zauna a ƙashi da hanta da ƙoda, tana kuma fita a nono, don haka ba a shan nononta ko cin kayan cikinta sai an auna jininta an ga ta sauka.